Lambar da ta ba Fermat kunya

Yau lamba guda ɗaya tak za mu sa a gaba. Wanda ke da biro kusa, ya rubuta: 4,294,967,297. Ta haura biliyan huɗu.

Ga yadda ake samunta. A fara da 2, a ninka ta da kanta, 4. A ninka 4 da kanta, 16. Haka za a ci gaba: 256, sai 65,536, sai 4,294,967,296. To, a ƙara wa kowacce ɗaya: 3, 5, 17, 257, 65,537, sannan tamu ta yau.

Biyar ɗin farko duk lambobi ne marasa rabuwa, wato babu abin da ke raba su daidai sai ɗaya ko su kansu. Ganin haka, a shekarar 1640 wani lauya ɗan Faransa, Pierre de Fermat, gwanin lissafi na zamaninsa, ya rubuta wa abokansa cewa yana da yaƙinin duk lambobin wannan jeri haka suke, ko da yake ya ce bai samu hujja ba. Ni dai ban ga laifinsa ba. Ta shidan mara ce, 2 ba ta shiga cikinta. Ba ta rabuwa da 3, ko 5, ko 7. Kuma kafin mutum ya tabbatar da hannu cewa ba ta rabuwa, sai ya gwada lambobi marasa rabuwa fiye da dubu shida.

Shekara 92 maganar tana tsaye. A 1732, Leonhard Euler, ɗan Suwizalan mai shekara 25 da ke aiki a birnin St. Petersburg na Rasha, ya sanar cewa 641 tana raba ta cif, babu saura. Amsar ita ce 6,700,417.

Abin da ya fi burge ni shi ne hanyar da ya bayyana daga baya. Ya nuna cewa duk lambar da za ta raba wannan, dole ta zama ninkin 64 da ƙarin ɗaya. Nan take dubbai suka zube. Marasa rabuwan da suka rage a sahun gaba su ne 193, 257, 449, 577, sai 641. Ta biyar ke nan. Aikin da zai ci watanni ya koma na yammaci guda.

Da 641 da 6,700,417 duka marasa rabuwa ne, saboda haka masana suka sa lambarmu a rukunin masu iyaye biyu kacal. Ƙanwarta kuwa, wadda ta gaza ta da ɗaya, ita ce adadin adireshin da tsohon tsarin intanet na IPv4 zai iya ɗauka.

Tun daga Euler zuwa yau, duk lambar jerin da aka iya tantancewa bayan 65,537 an tarar tana rabuwa. Ko akwai wata marar rabuwa can gaba? Har yanzu kwamfutoci na nema.