Gasar biyayyar karnuka: yadda ake auna horo da maki, da darasin da ke ciki ga hukumomin tsaro

A filin gasar biyayya ta duniya akwai wata jarrabawa da take bayyana gwanintar mai horarwa cikin ƙanƙanin lokaci. Ana ajiye kare, mai shi ya yi nisan mita 15, sannan ya umarce shi ya sauya matsayi sau shida tsakanin zama da tsayuwa da kwanciya. Dole ne karen ya yi kowanne nan take, kuma ba tare da ya gusa daga inda aka bar shi ba. Idan ya matso gaba ko da taku ɗaya ne, alƙali zai rage masa maki. Wannan ɗaya ce daga cikin jarrabawa 10 na aji mafi girma a tsarin Tarayyar Ƙungiyoyin Karnuka ta Duniya, wato FCI, wadda aka kafa a 1911 kuma hedikwatarta ke garin Thuin na ƙasar Beljiyam.

Tsarin na FCI yana da azuzuwa uku, kuma a aji na uku ne ake fafata gasar duniya. Jimillar makin ita ce 320, kuma sai kare ya kai 256 kafin a ba shi darajar "mafi kyau". Cikin abin da ake nema akwai tafiya a gefen ƙafar hagu ta mai shi babu igiya, ko da ya sauya sauri ko ya juya ba zato. Akwai tura kare zuwa wani murabba'i mai faɗin mita 3 da tsawon mita 3, a nisan da ya haura mita 20, ya shiga ya kwanta. Akwai kiransa yana gudu, a tsayar da shi cak a tsakiyar hanya. Akwai kuma jarrabawar hanci: mai karen zai riƙe wani ɗan guntun katako na 'yan daƙiƙoƙi, a cuɗa shi da wasu masu kama da shi, karen ya sunsuna ya zaɓo wanda ke ɗauke da warin hannun mai shi. Ba a shiga filin da abinci ko abin wasa.

Tarihin wannan fage ya faro ne daga aiki, kafin ya zama wasa. A Jamus, Max von Stephanitz ya kafa ƙungiyar masu karen makiyaya na Jamus a 1899, kuma daga nan aka samar da jarrabawar tantance karnukan da suka cancanci a yi kiwon irinsu. Ita ce a yau ake kira IGP, mai sassa uku: bin sawu, biyayya, da kariya, kowanne da maki 100. A 1910, Konrad Most, wanda ya horar da karnukan 'yan sandan Jamus, ya wallafa littafin da ya daɗe yana zama madogara a wannan sana'a. A Amurka kuwa, wata mata mai suna Helen Whitehouse Walker ce ta shirya jarrabawar biyayya ta farko a 1933 a jihar New York, kuma a 1936 ƙungiyar AKC ta karɓi tsarin. A can makin 200 ne. Sai kare ya samu 170, tare da fiye da rabin makin kowace jarrabawa, kafin a ce ya ci. A Ingila, gasar Crufts da ake yi duk shekara a Birmingham ita ce babban dandalin zakarun biyayya.

Ma'anar kare horarre ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Mafarauta sun san bambancin karen da ke jin kira da wanda ke bin son ransa, kuma malaman fiƙihu, a bayanin aya ta 4 ta Suratul Ma'ida, sun zayyana alamomin horarriyar dabbar farauta: idan an aike ta ta tafi, idan an tsawata mata ta tsaya. Abin da gasar zamani ta ƙara shi ne ma'auni, ta yadda alƙalin da bai san karen ba zai iya cewa ga inda ya dace, ga inda ya gaza.

Hanyar kai kare wannan matsayi ta sauya ƙwarai. Tsohon salo ya dogara ga fizgar igiya da horo mai tsanani. Daga binciken B.F. Skinner kan yadda sakamako ke gina ɗabi'a, da aikin ɗalibansa Keller da Marian Breland, da littafin Karen Pryor na 1984, aka samu salon da yawancin masu gasa ke bi a yau. Mai horarwa yana amfani da wata gajeriyar alama, kalma ɗaya ko ƙarar wani ɗan ƙarfe da ake latsawa, daidai lokacin da karen ya yi abin da ake so, sannan lada ya biyo baya. Idan alamar ta makara, karen zai ɗauka wani abu dabam aka yaba masa, shi ya sa kuskuren da ake gani a fili sau da yawa na hannun mai horarwa ne.

Kowace jarrabawa ana gutsuttsura ta. Ɗauko abin da aka jefa, alal misali, ya ƙunshi jira, fita da gudu, ɗauka ba tare da taunawa ba, dawowa kai tsaye, zama, da saki idan an nema. Ana koyar da kowanne shi kaɗai, galibi a fara da na ƙarshe, domin karen ya riƙa tunkarar abin da ya fi sani. Bayan haka sai a sauya wuri, a kawo hayaniya da baƙin mutane da wasu karnuka, domin kare yakan ɗaure darasi ga wurin da ya koya shi. Daga ƙarshe a riƙa jinkirta lada sannu a hankali, har ya iya kammala dukkan jarrabawar bai ga komai ba sai bayan ya fita fili. Wannan aiki ne na shekaru, a zama gajeru kusan kullum.

Muhawara kan tsanani ba ta ƙare ba, musamman tsakanin masu horar da karnukan aiki. Yankin Wales ya haramta abin wuya mai jan lantarki tun 2010. Wani bincike da aka yi a Fotugal, aka wallafa a 2020, ya gano cewa karnukan da aka horar da tsangwama sun fi nuna alamun damuwa, kuma sinadarin da ke nuna firgici ya fi hauhawa a yawunsu bayan darasi. Dokokin FCI ma suna neman kare ya yi aiki da walwala, ba a tsorace ba.

A nan ne batun ya shafi masu riƙe da fayil a Abuja. Rundunar 'yan sanda da hukumar NDLEA suna aiki da karnuka wajen gano abubuwan fashewa da miyagun ƙwayoyi, kuma biyayya ce harsashin wannan aiki: karen da ba ya tsayawa idan an tsayar da shi haɗari ne a tashar jirgi mai cunkoso. Gasa tana koyar da abubuwa uku. Na farko, ana auna kare ne tare da mai riƙe shi, don haka sauya wa jami'i wurin aiki ba tare da shiri ba yana iya raunana horon da aka kashe wa kuɗi. Na biyu, horo yana dusashewa idan ba a ci gaba da shi, saboda haka kasafin da ya tsaya ga sayen kare, ya manta da abinci da likita da darasin yau da kullum, bai cika ba. Na uku, takardar shaida ba ta maye gurbin gwaji. Jami'in da zai sa hannu kan sayen horarren kare yana da damar neman a gwada shi a wurin da bai saba ba, gaban mai tantancewa da ba shi da hannu a cinikin, a kuma rubuta makin da ya samu.