Ɗakin Karatu Bayan Sallar Isha'i

Shirinmu na musamman yau ya yada zango a mazaɓar Ƙauyen Alu, maƙwabciyar Gyadi-Gyadi da Unguwa Uku a ƙaramar hukumar Tarauni, domin mu dubi mas'alar buɗe ɗakunan karatu na jama'a da daddare.

Duk wanda ya bibiyi tarihin ilmi a Kano, tun daga Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya hau gadon sarauta a 1463, kuma Shehu Maghili ya sauka birnin nan a zamaninsa, zai tarar magabata sun mai da dare lokacin ɗalabul ilmi. Gardi yana tilawa a gefen wutar tsangaya, malamin zaure yana warware fiƙihu da nahawu bayan Magariba, ɗan kasuwa kuwa sai ya rufe rumfa sa'annan ya ɗauki littafinsa ya nufi darasi. Ko a shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, magidanta sun koyi boko ne bayan sun taso daga gona ko wurin sana'a.

Amma ɗakunan karatu na hukuma, bisa al'ada, lokutan ofis suke bi, alhali tela da direban a-daidaita-sahu, da ma'aikaciyar jinya wadda ta yini kan marasa lafiya a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ba su samun sararin kansu sai rana ta faɗi. Haka ɗalibin da jarrabawar JAMB ko WAEC ta ƙarato masa, wanda yake kwana ɗaki guda da ƙannensa, wuta kuma yau akwai gobe babu, abin da yake muradi bai wuce kujera da haske da natsuwa ba. Ga shi kuma babban ɗakin karatu na Murtala Muhammad, can titin Ahmadu Bello, sai da kuɗin mota.

Masu cewa akwai batun tsaro da ladan ma'aikata da kariyar mutuncin mata sun faɗi gaskiya, sai dai kowace daga cikin waɗannan matsaloli tana da magani: a raba aiki safe da dare, a kafa na'urar sola, a ɗauki mai gadi amintacce, a keɓe wa mata sashensu da ma'aikaciyarsu, sannan a fara da aji guda a makarantar unguwa, daga Magariba zuwa ƙarfe goma. Attajirin da ya yi waƙafin fitilu da littattafai ya kafa sadaka mai gudana, ga kuma Hukumar Zakka da Hubusi da za ta iya kula da amanar.

Muna kira ga mai unguwa da limamai da kansila su zauna kan wannan magana kafin jarrabawa mai zuwa. Allah ya sa mu dace.