Jirgin Kakana: Yadda Rashin Sanin Ma'auni Ya So Ya Cinye Mini Kuɗin Adashi

Hausawa suka ce rashin sani ya fi dare duhu, ni kuwa ban taɓa gaskata wannan magana ba kamar ranar da na dawo daga kasuwar Sabon Gari da leda uku a hannuna, ina tafe ina yauƙi, ashe kuɗin adashina na wata shida na kwasa na kusa zubarwa. Ku gyara zama in ba ku labari, don na san ba a rasa mai niyyar saya wa ƙaninta ko ɗan yayarta irin abin da na sayo.

A Hayin Dogo aka haife ni, nan cikin Samaru. Sunan unguwar tamu ma daga titin jirgi ya samo asali, domin dogon da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau har ya dire Ƙauran Namoda a 1929, ta gefenmu ya ratsa. Kakana na wajen uba tsohon ma'aikacin reluwe ne. Da zuba wa kan jirgi kwal ya fara, har Allah Ya sa ya zama direba. Mutum ne mai barkwanci, in ya gan ni sai ya ce, "Amaryata, yau kuma me kika dafa wa angonki?" To amma tun da hawan jini ya kayar da shi ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, sai bakinsa ya mutu. Wuni zai yi a kan tabarma yana kallon bango. Likita ya ce mu dinga jan sa da hira, mun yi har mun gaji, daga "uhm" sai "a'a".

Ran nan Autanmu ya zauna kusa da shi yana haɗa jirgin kara da ɓargon karan dawa da murafun kwalba. Sai na ga Kaka ya ƙura wa jirgin ido, har ya miƙa hannunsa mai lafiya ya gyara masa zaman tarago ɗaya. Gabana ya faɗi don murna. A daren na yanke shawara: kuɗin da na tara don ankon bikin ƙawata, jirgin wasa zan saya da su, irin mai tafiya a kan dogonsa da kansa.

Ranar Asabar na hau bas daga Samaru, muka wuce Kwangila, na sauka na kutsa cikin kasuwa. Masu sababbin kayan wasa suka nuna mini na roba mai batir, na ce a'a, ni mai kama da na gaske nake so. Aka yi mini kwatancen 'yan gwanjo masu kwance dilar kayan wasan yara. Wurin na farko na tarar da wani kan jirgi baƙi wuluk, mai nauyi, tsawonsa ya kusa kamu biyu. Wurin na biyu na ga waɗansu taragu 'yan mitsi-mitsi guda biyar, kyawawa kamar ka haɗiye. Na uku ya zazzago mini guntayen dogo cikin wani kwali. Kowanne na tambaye shi, "Malam, zai hau?" sai ya ce, "Haba Hajiya, jirgi ai jirgi ne!" Ban ga laifinsu ba, su ma a dila suka tsinta.

Da na iso gida muka shimfiɗa dogo a tsakar ɗaki ni da Auta. Muka ɗora kan jirgi, ƙafafunsa suka yi wa dogon fintinkau, ɗaya nan ɗaya can. Muka ɗora taragu, su kuma suka faɗa tsakanin ƙarafan biyu. Babu abin da ya dace da ɗan'uwansa. Umma ta leƙo ta riƙe haɓa ta ce, "Yanzu ke kuɗin ankon naki ke nan kika je kika kwaso tarkace? Wallahi in Babanku ya dawo ke za ki yi masa bayani da bakinki." Na shige ɗaki na ci kukana na ƙoshi.

Washegari ƙawata ta zo, na zayyana mata komai. Ta ce in share hawayena, yayanta ɗalibi ne a sashen zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello, kullum cikin yanka kwali yake yana haɗa 'yan ƙananan gidaje, ƙila ya gane kan abin. Da la'asar sai ga su tare. Bayan ya durƙusa ya gaida Kaka da Umma, ya zaro rula daga aljihu ya dinga aune-aune. Can ya ɗago yana murmushi ya ce, "Ƙanwata, ba a cuce ki ba, kayan nan duk masu kyau ne. Sai dai 'yan gida uku kika haɗa aure ɗaya."

Na ce, "Yaya, yi mini gwari-gwari."

Ga bayanin da ya yi mini, na kuma rubuta shi a bayan littafina na lissafi. Duk wani jirgin wasa na ƙwarai an ƙera shi ne a kan ma'auni, wato sau nawa aka rage girman na gaskiya. In kin ga an rubuta 1:87 a jikin kwali, ana nufin santimita 1 a jikin ɗan jirgin daidai yake da santimita 87 a jikin babban. Mutum mai tsawon santimita 174 zai koma santimita 2 cif. Abin da ke ruɗa mutane shi ne, iya girman lambar iya ƙanƙantar jirgin, saboda haka 1:160 ya fi 1:87 ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Ya ce su ma a ajinsu haka suke yi, da 1:100 ko 1:200 suke haɗa samfurin gini.

Abu na biyu shi ne faɗin dogo, wato tazarar da ke tsakanin ƙarafan nan biyu, ana aunawa daga ciki zuwa ciki. Masu ƙera jiragen sun laƙaba wa kowane gida harafi:

O shi ne babba a cikin waɗanda na sayo. Faɗin dogonsa milimita 32, ma'auninsa 1:48 a Amurka, 1:43.5 a Ingila. Gidan da kan jirgina ya fito ke nan.

HO shi ne 1:87, faɗin dogonsa milimita 16.5. Harafin H ɗin daga kalmar "rabi" ta Turanci yake, wato rabin O. Shi ya fi kowanne yawa a duniya, shi ne kuma dogon da na sayo.

OO na mutanen Ingila ne, 1:76. Jikinsa ya ɗan ɗara na HO, amma dogonsu ɗaya, milimita 16.5.

N shi ne 1:160, faɗin dogonsa milimita 9. Gidan 'yan taraguna ke nan.

Z kuwa 1:220 ne, faɗin dogonsa milimita 6.5 kacal, kamfanin Märklin na Jamus ya fito da shi a 1972.

Don in ƙara fahimta ya ce in ɗauki tarago mai tsawon mita 20. A gidan O na Amurka zai kusa santimita 42, a HO santimita 23, a N kuma 12.5. Ya ce lambobin nan ba da ka aka ƙirƙiro su ba. Yawancin jiragen duniya a kan dogo mai faɗin milimita 1,435 suke tafiya, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Ya miƙo mini biro ya ce in raba 1,435 gida 87. Na raba, sai ga 16.5. Na raba gida 160, sai ga kusan 9. Wallahi 'yan'uwa, tun da nake zuwa makaranta ban taɓa jin daɗin lissafi ba irin na ranar.

Sai Auta ya tsoma baki, "To Yaya, dogon bayan gidanmu fa?" Ya ce wannan tsohon dogo ne, ƙafa 3 da inci 6, wato milimita 1,067, irin wanda ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, wanda Sabon Gari ta tsiro a gefen tasharsa.

Muna cikin haka sai muka ji murya daga kan tabarma, a hankali, harshe na ɗan karyewa: "Jirgin Jos... ƙafa biyu da rabi."

Duk muka waiwaya. Kaka ne! Yana nuna 'yan taragun nan da suka faɗa tsakanin dogo. Umma ta saki muciyar da ke hannunta. Da ƙyar da hutawa ya ba mu labari, kalma ɗaya-ɗaya. Ashe a da akwai wani siririn dogo da ya tashi daga Zariya ya haura Jos har Bukuru, an gama shi a 1914 saboda jigilar kuza, faɗinsa ƙafa 2 da inci 6. Da yake taragunsa ba sa hawa babban dogo, in ya iso Zariya sai an sauke kayan kaf an sake loda su a babban jirgi. Mahaifin Kaka yana cikin leburorin da ke wannan dako, shi kuma yana yaro yake kai masa abinci tasha, har aka rufe layin a 1957. Ya dube ni ya ce, "Amaryata... Turawa ma sun yi kuskurenki." Dariya da kuka suka haɗe mini lokaci guda.

Shawarar da Yaya ya ba ni ita ce in riƙe dogon, tunda shi ya fi samuwa, in mayar da sauran. Asabar ta zagayo muka koma mu uku da ƙawata, rula a jakata. Mai taragu mutumin kirki ne, ya bar mu muka tona dilarsa muka zaɓi uku 'yan gidan HO, na bar masa biyar ɗina. Mai kan jirgi ya ce sai dai in yi asarar wani abu, na haƙura, don hanyar lafiya a bi ta da shekara. Sai da muka yi sawu uku kafin Allah Ya haɗa mu da wani kan jirgi ƙirar Hornby na Ingila, ɗan gidan OO, tare da ɗan akwatin da ke ba shi wuta. Ƙugiyarsa ba ta kama ta taragun ba, Auta ya ɗaure su da siririyar waya, aka wuce wurin.

Baba da kansa ya kawo falanki daga wurin kafinta. Ranar da aka kawo wuta muka jona, jirgi ya motsa ya fara zagaye, Kaka ya sa aka jingina shi da bango. Ya ce irin waɗannan baƙaƙen na Ingila ya yi wa hidima, waɗanda aka sa wa sunayen koguna. Yanzu kullum da yamma shi ke riƙe da maɓallin, Auta ne mai tasha, yaran unguwa fasinjoji. Ranar bikin ƙawata tsohuwar atamfata na ɗaura, ko a jikina.

To 'yan'uwa, ga abin da na koya, kyauta na ba ku.

Na ɗaya, kada ki je kasuwa sai da rula. Fara auna faɗin dogo, sannan ki auna tsakanin ƙafafun kan jirgi da na taragu. Ki ɗora su a kan dogon a gaban mai kaya ki tura da yatsa.

Na biyu, duba kwali ko ƙarƙashin jirgin, sau da yawa akwai harafi ko lamba ko sunan kamfani. In kin sami cikakken saiti a kwalinsa, ya fi miki tsince-tsince.

Na uku, lura da wuta. Irin waɗannan jiragen ta cikin dogo suke shan wuta kaɗan, wajen bolt 12, daga ɗan akwatinsu. Akwatin da ya fito daga Amurka na bolt 110 zuwa 120 ne, tamu wutar kuwa 230 ce. In kika jona kai tsaye ya ƙone, sai da na'urar rage ƙarfin wuta. Haka nan HO na Märklin mai ɗigo-ɗigon ƙarfe a tsakiyar dogo ba ya aiki da na sauran kamfanoni.

Na huɗu, auna ɗakinku. Da'irar HO tana cin wuri kusan mita guda, ta N kuwa ɗan tebur ya ishe ta.

Na biyar, in yaron bai kai shekara 3 ba, ki nisanta shi da masu ƙananan sassa, don komai baki yake kaiwa. Na roba ko na katako mai girma ya fi masa.

Na san kuna jira ku ji labarin mai rula. To, har yau yana zuwa duba lafiyar jirgi, ko da kuwa jirgin lafiyarsa ƙalau. Ran nan bayan ya tafi Umma ta ce da ni, "Kin dai gani da idonki. Kan jirgin nan na farko ya fi kowanne kyau da tsada, amma da yake ba dogonku ɗaya ba, ko taku ɗaya bai yi ba. In an zo maganar miji, ki tuna." Na sunkuyar da kai ina wasa da gefen mayafina. Kaka kuwa daga kan tabarma cewa ya yi shi bai saki amaryarsa ba tukuna, sai ta gama makaranta, kuma duk mai so sai ya biya shi kuɗin tikiti.

Ku taya mu da addu'a Allah Ya ƙara masa lafiya, Ya ba mu masu dacewa da mu baki ɗaya, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.