Kiɗan Dina da Kunnen Surukai

Na lura cewa masu biki kan shafe makonni suna zaɓen anko da abinci, amma kiɗan dina sai a bar wa DJ. Shi kuwa burinsa a tashi rawa a yi liƙi, don haka tun ana zuba shinkafa yake ƙure lasifika. A ganina wannan asara ce, domin lokacin cin abincin ne dangin ango da na amarya ke samun zama su gaisa, su san juna. Kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos, ƙasa-ƙasa, ya ishi wannan zama: tsirkiya ɗaya ba ta danne muryar dattijuwa. Waƙoƙin su Ado Gwanja su jira a kwashe faranti, iyaye su yi sallama.