Malamai Uku da Bauchi ta Haɗa

Masu koyar da tarihi sukan faro siyasar Arewa daga kafuwar NEPU a 1950 da NPC a 1951. Wannan ba kuskure ba ne, sai dai tushen abin ya girmi haka. A farkon shekarun 1940 aka sami malamai uku a garin Bauchi, suna zama a dandalin muhawara guda, kafin kowa ya kama hanyarsa.

Na farko shi ne Malam Sa'adu Zungur, ɗan gidan malanta a Bauchi. Ya sami ilimin addini mai zurfi a gida, ya yi Kwalejin Katsina, sannan a 1934 ya shiga Babbar Kwalejin Yaba da ke Ikko, shi ne ɗan Arewa na farko da ya shiga can. Ya koyar a Zariya, rashin lafiya ta mayar da shi gida. A 1943 aka buɗe zauren muhawara a Bauchi da yardar Turawa, amma da tambayoyi suka fara taɓa ikon sarakuna da En'e, sai aka rufe shi. Malam Sa'adu da abokansa suka kafa tasu ƙungiyar ta neman ci gaban Bauchi. A 1948 ya zama sakataren jam'iyyar NCNC ta Dokta Azikiwe. Yawancin mutane da waƙoƙinsa suka san shi, musamman "Arewa, Jumhuriya ko Mulukiya", inda ya gargaɗi sarakuna su gyara tun da sauran lokaci. Ya rasu a 1958, bai ga 'yancin kai ba. A ganina, cikin ukun shi aka fi tauye wa haƙƙi a littattafan makaranta, alhali shi ne ya fara ɗaga murya.

Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka haifa a 1912, shi ne shugaban Midil ta Bauchi, kuma marubucin littafin Shaihu Umar. Mutum ne mai sanyin hali, shi ya sa ake mantawa cewa a watan Agusta na 1950 shi ne ya miƙe a majalisar Arewa a Kaduna ya kawo ƙudurin a yi wa tsarin En'e garambawul, sarakuna na ji. Ya zama Ministan Ayyuka a 1952, Firayim Minista a 1957. Sojoji suka kashe shi a juyin mulkin Janairun 1966, kabarinsa yana Bauchi.

Ƙaraminsu Malam Aminu Kano, haifaffen 1920. Ya zo koyarwa Midil ta Bauchi a 1942, nan ya shaƙu da Malam Sa'adu har ya ɗauke shi tamkar malaminsa. Bayan karatu a Landan aka tura shi makarantar horon malamai ta Maru. Ya ajiye aikin gwamnati a 1950, ya shugabanci NEPU tun daga 1953, daga baya ya kafa PRP a 1978. Ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983.

Dukkansu sun yarda En'e tana buƙatar gyara. Inda suka rabu shi ne hanya: Malam Abubakar ya ga a gyara daga ciki, sannu a hankali, Malam Aminu kuwa ya ce sai talaka ya karɓi iko da ƙuri'arsa. Wannan saɓanin ne ya zaunar da tsofaffin abokan aikin a majalisar tarayya bayan zaɓen 1959, ɗaya yana Firayim Minista, ɗaya yana wakiltar Kano ta Gabas a tutar NEPU. Allah ya jiƙansu baki ɗaya.