Kullen Waya da Zaɓin Mai Saye a Iyakar Bagudo

Kullen waya wani tsari ne da kamfanin sadarwa yake sakawa a cikin wayar salula domin ta ƙi karɓar kowane layi in ba nasa ba, kuma asalinsa daga ƙasashen da kamfani yake sayar da waya da rangwame, ya ɗaure mai saye da yarjejeniyar biyan kuɗi duk wata har ya mayar da abin da ya kashe. Nijeriya ba ta bi wannan hanya sosai ba, domin tun da aka fara wayar GSM a 2001 mutane sun saba sayen waya a kasuwa, su sayi layi daban, su sa kati gwargwadon hali. Inda aka ɗanɗani kullen shi ne zamanin Starcomms da Multi-Links da Visafone, waɗanda yawancin wayoyinsu ba sa aiki da layin wani, kuma da kamfanonin suka durƙushe sai wayoyin suka zama tarkace.

Muhimmancin wannan batu ya fi bayyana a ƙaramar hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, inda garuruwa irin su Tsamiya da Lolo da Illo suke maƙwabtaka da Jamhuriyar Benin. Ɗan kasuwar da ya tsallaka daga Tsamiya zuwa Segbana yana barin sabis ɗin MTN ko Airtel ko Glo na Nijeriya, ya shiga yankin Moov Africa da Celtiis da MTN na Benin, wanda duk da kamancin suna kamfani ne daban mai farashinsa da sefa. Idan ya ci gaba da kira da layin gida a can, kuɗin ya kan ninka, saboda haka dabarar da ta fi sauƙi ita ce riƙe layi biyu, ɗaya mai farawa da +234, ɗayan da +229. Wannan na cikin abin da ya sa wayoyin Tecno da Itel masu gurbin layi biyu suka samu karɓuwa, kuma a irin wannan wuri wayar da ba ta karɓar layi sai ɗaya kamar rijiya ce da aka ce guga ɗaya kawai zai shige ta.

Kullen yana shigowa yau ta ƙofofi biyu. Ta farko ita ce wayoyin hannu da ake kawowa daga Amurka da Turai, waɗanda wasunsu suna ɗaure da kamfanin can, sai mai saye ya yi ta yawo wurin masu gyara, wani lokaci a buɗe ta na ɗan lokaci ta sake kullewa. Ingila ta haramta sayar da kullalliyar waya a Disamba 2021, amma waɗanda aka sayar kafin nan suna nan suna zagayawa. Ta biyu ita ce wayar bashi, wadda mai ba da bashin yake rufe ta daga nesa da zarar an saɓa ranar biya, kuma wanda ya saye ta hannu na biyu bai sani ba shi ne yake gadon bashin.

Hukumar sadarwa ta Nijeriya, NCC, ta ba da damar sauya kamfani ba tare da rasa lamba ba tun 2013, sai dai wannan dama ba ta da amfani ga wanda wayarsa take kulle. Abin da ya rage a hannun mai saye shi ne ya gwada layukan kamfanoni biyu, har da na Benin, kafin ya biya, ya kuma danna *#06# ya ga ko lambar IMEI, wato lambar shaidar waya mai alƙaluma 15, ta yi daidai da wadda ke jikin kwali.