Abin da ke sa taga tafiyar hawainiya a tsofaffin kwamfutocin Orozo

Duk wanda ya taɓa shiga shagon buga takardu a Orozo, kan hanyar Nyanya zuwa Karshi, ya san wannan yanayi. Mai shago ya kama taga da linzamin kwamfuta zai matsar da ita gefe, sai tagar ta riƙa bin hannunsa tana ɗingishi, jama'a kuma na tsaye a layi, janareto na shan fetur. A wurin mai sana'a, wannan jinkiri asarar kuɗi ce.

Asalin matsalar lissafi ne. Galibin allunan kwamfuta suna sabunta hoto sau 60 a cikin daƙiƙa guda. Ke nan duk motsin taga sai na'ura ta sake zana shi cikin kashi ɗaya bisa 60 na daƙiƙa. Da zarar ta makara, ido zai ga tagar tana tsalle.

Magabata a wannan fanni sun san da haka. Macintosh ta 1984 ba ta jan taga da kayan cikinta; zanen gefenta kawai take nunawa har a sake ta. Daga Windows Vista, wadda ta shiga kasuwa a 2007, kamfanin Microsoft ya ɗora aikin a kan manhajar Desktop Window Manager, mai zana kowace taga daban sannan ta harhaɗa su ta hanyar katin hoto. Tun daga Windows 8 a 2012 ba a iya kashe ta. Tsarin yana da kyau ga sabuwar na'ura, amma nauyi ne ga 'yar gwanjo.

Akwai gyaran da ba ya cin ko sisi. A sashen Performance Options, mutum zai iya cire alamar da ke gaban "Show window contents while dragging", taga ta koma tafiya da zanen gefenta kamar da. Sai a kashe inuwa da sauran ado, a kuma sabunta manhajar da ke tuƙa katin hoto.

Ƙurar hunturu ma tana da nata laifin. Idan ta toshe fanka, na'ura kan yi zafi, ta rage wa kanta gudu don kada ta ƙone. Buɗe ta a kakkaɓe yakan dawo da ƙarfin da ake zaton ya tafi ke nan. Mai ɗan hali kuma ya ƙara RAM, ya sauya tsohon faifan ajiya da SSD.

Babbar damuwa tana gaba. Ranar 14 ga Oktoba, 2025 Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10, ga shi Windows 11 tana buƙatar TPM 2.0 da RAM aƙalla gigabayit 4, sharuɗɗan da tsofaffin na'urori da yawa ba su cika ba. Mafita ɗaya ita ce Linux mara nauyi, irin Lubuntu ko Linux Mint mai Xfce, inda ake iya kashe aikin harhaɗa tagogi baki ɗaya. Sai dai kafin mai shago ya sauya, ya fara gwadawa ya ga ko firintarsa da takardun kwastomominsa za su yi aiki a kai.